Yini Guda a Suwame Magazin, Garin Kanikawan Kumasi

Da hantsi muka bar Aboabo, unguwar da na sauka a Kumasi, cikin wata tsohuwar Marsandi samfurin 190 mai ruwan toka. Mai masaukina malamin makaranta ne, ɗan zango, wanda kakansa ya zo fataucin goro ya zauna. Tun 1993 kamfanin ya daina ƙera irin motar nan, amma injin tasa na tashi da murɗa makulli ɗaya. Duk Asabar shi ke shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta, ya juye baƙin mai, ya wanke fulogi, ya duba birki. Abin da ya gagare shi a gida ne kawai ke kai shi Magazin. Ran nan yana so a ɗaga motar, don hanyar ƙauyen surukansa ta zaizaye, salansa sai gogar ƙasa take yi.

Da zarar ka wuce shataletalen Suwame, a kan hanyar da ke fita Techiman ta miƙe arewa, hanci ne ke fara gaya maka ka iso. Warin ƙonannen mai, hayaƙin walda, ƙamshin fenti, duk sun cakuɗe. Sai kuma ƙarar guduma a kan kwano ta ko'ina, har sai ka kai bakinka kunnen abokin tafiya kafin ya ji ka. Ƙasar wurin baƙa ce wuluk saboda man da ta sha shekara da shekaru.

Sunan ya samo asali ne daga ma'ajiyar makamai ta sojan mulkin mallaka, wadda Turawa ke kira magazin. A kusa da ita masu sana'ar ƙarfe da gyaran mota suka fara taruwa a shekarun 1930, kuma da aka tashe su aka mayar Suwame, sai sunan ya bi su. Yau ana ƙiyasta masu cin abinci a wurin da mutum 200,000. Na sha karanta adadin kafin in zo, sai da na yi sa'a guda ina tafiya a ƙasa ban ga ƙarshen rumfuna ba na fahimci abin da yake nufi.

Baƙo zai ɗauka hargitsi ne, alhali kowane lungu da aikinsa. Nan masu injin dizal, can masu giya, gaba masu lagireto, masu wayoyin mota, masu ɗinkin kujera, masu kwankwasa jiki da fenti. Akwai layin da ba a sayar da komai sai rabin mota, an yanko gabanta daga Turai ko Japan, injin da fitilu duk suna jiki. Mai masaukina na ratsa lungunan kamar tsakar gidansu, yana gaisawa da wannan da Turanci, wancan da Tuwi, wani kuma da Hausa zalla. Ko abincin bakin rumfa ya ishe ka sanin Hausawa sun daɗe a ƙasar nan: koko da ƙosai da safe, da rana shinkafa da wake, wadda a Gana ake kira wace.

Rumfar da muka nufa ta wani dattijo ce mai injin sassaƙa ƙarfe. A nan na fi daɗewa, kuma a nan na ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Mai masaukina ya ce a ɗaga masa motar santimita 5. Dattijon ya zagaya ta sau biyu, ya danna gabanta da tafin hannu yana kallon yadda take dawowa, sannan ya ce, "Malam, uku zan yi maka. In na yi biyar, ranar da ka sha kwana da gudu za ka tuna da ni." Ya bayyana cewa duk yadda mota ta yi sama haka take ƙara karkata a kwana, kuma shokazoba da sandunan da ke riƙe taya an auna su ne da wani tsayi, in an zarce sai su rinƙa ci da wuri. Bai taɓa shiga ajin koyon injiniya ba. Shekaru ne a gaban injin suka koya masa.

Ya aiki yaronsa ya kawo dunƙulen alminiyam, irin wanda ake narkawa daga tsofaffin fistin. Ya ɗaure shi a bakin injin, ya auna mazaunin sifirin, ya fara sassaƙa. Ƙarfen na zubowa siriri, yana nannaɗewa kamar ɓawon lemo. Yakan tsaya ya auna, ya rage kaɗan, ya sake aunawa. Kafin azahar zobba huɗu sun fito, kowanne ya zauna a mazauninsa daram. Mai masaukina bai yarda yara su ɗaura masa ba. Ya tuɓe riga, ya ari jak da sufana, ya yi abinsa, dattijon na zaune a benci yana gyara masa da baki. Masu sha'awar gyara motarsu da hannunsu suna da gata a wurin nan, don abin da ba ka da shi wani zai ara maka, abin da babu a kasuwa kuma a ƙera maka.

Mafi yawan sauye-sauyen da ake wa mota a Magazin na neman abinci ne. Motar Sprinter takan iso daga Turai a matsayin motar ɗaukar kaya, jikinta a rufe ruf. A yanke mata tagogi, a walda kujeru, a shimfiɗa leda, ta fito motar fasinja, wadda a nan ake kira torotoro. Babbar mota a ƙara mata tsawon shasi, a gina mata sabon bodi. Na tsaya na kalli ana lanƙwasa ƙarfen kujera a kan tsohon wili, kuma duk suka fito kai ɗaya.

Sai dai akwai abin da ban ji daɗinsa ba, kuma ba zan ɓoye ba. Na ga ana ƙara wa wata motar kaya ganyen sifirin don ta ɗauki ninkin abin da aka yi ta dominsa, birkin kuwa yana nan yadda yake. Nauyin da sifirin ya iya ɗauka, birki ne zai tsayar da shi a gangara. Haka nan cire ɗan ƙarfen nan da ke daidaita zafin ruwan injin, da haɗa fanka kai tsaye da batir, wai don ƙasarmu da zafi. Mu ma a garejinmu haka ake yi. Injin da aka hana shi kai zafin da ya dace yana shan mai fiye da kima, yana kuma cin kansa a hankali. Na ga yaro bai fi shekara 15 ba yana walda, ya kare idonsa da tabarau na rana kawai. Na ga ana tuttular da tsohon mai a kwata. Gwanintar wurin ba ta wanke waɗannan ba.

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda ke nan Kumasi, ta daɗe da gane darajar Magazin. A 1980 ta buɗe cibiyar koyar da fasaha a tsakiyar kanikawan, ta kawo injunan sassaƙa, ta koyar da narka ƙarfe da zuba shi a mazubi. Daga nan ne sana'ar ƙera injin niƙa da na matse manja ta bunƙasa a wurin. A 2013 kuma wasu 'yan ƙasar Holan biyu, Melle Smets da Joost van Onna, suka haɗa kai da ƙungiyar masu sana'ar Magazin suka ƙera mota sukutum cikin mako 12, da kayan da aka tsinto a lungunan nan. Sunanta SMATI Turtle, wato kunkuru, don an yi ta ne ta jure, a kuma iya gyara ta a kowane ƙauye. Har Holan aka kai ta.

Abin da ke damun manyan wurin yanzu shi ne motar zamani. Tsohon bakanike da kunne yake gano ciwo: ya kara sukundireba a jikin injin, ya ɗora kunne a ƙotar, ya gaya maka inda ke ƙwanƙwasa. Sabuwar mota kuwa kwamfuta ce ke raba mata mai da wuta. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da kafar da ake jona na'urar binciken lalura, kuma irin waɗannan motoci ne ke cika titunan Gana da Najeriya. Na'urar lambobi take nunawa, da Turanci, mai gyara kuma sai ya iya karatu. Na ga wani saurayi yana yawo rumfa-rumfa da ita a jaka, ana biyansa ya karanta wa mutanen da suka haife shi a sana'a. Dattijonmu ya ce ya sa ƙaramin ɗansa makarantar koyon sana'a saboda wannan, da safe aji, da yamma rumfa. A ganina ya yi daidai, kuma iyayen gidan Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna suna buƙatar yin irin wannan tunani tun yanzu.

Bayan la'asar aka sauke motar daga jak. Mai masaukina ya wanke hannu da fetur da garin sabulu, ya biya, ya ƙara wa yaran na koko. A hanyar komawa da gangan ya bi wani lungu mai kwazazzabai, ya rage gudu, muka kasa kunne. Salansa ba ta taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya.

Wanda Allah ya kai shi Kumasi, ya ware wa Magazin yini guda. Ya je da safe, ya sa takalmin da ba ya jin asararsa, ya kuma nemi ɗan gari ya yi masa jagora.