Hoton da Ban Tura Ba

Ba wushirya ce ta dami 'yata Auta ba. Wushirya ai ado ce, har gobe ana yabon mace da ita a Sakkwato. Abin da ya dame ta fiƙa ce guda ta sama da ta rasa gurbi ta tsiro can bisa 'yan'uwanta, da haƙoran gaba biyu da suka hau juna. Tun da ta shiga babbar sakandare ba ta dariya sai da gefen hijabi a baki. Da hutun ƙaramar Sallah ta 2023 ta je Kano wurin gwaggonta, gwaggon ta kai ta ga wata likitar daidaita haƙora, ni kuma aka kira ni in zo in sa hannu in biya.

Inna, mahaifiyata, ba ta so ba. "Ɗiyag ga mi tay yi maku za ku ɗaure mata baki da waya?" in ji ta. Na yi dariya na kama hanya.

Abin da na gani a ɗakin likitar ya tafi da hankalina. Ba ta cusa wa yarinyar ƙullun nan da ake ɗaukar samfurin haƙora da shi ba. Wata na'ura ta ɗauko mai kama da ƙaton alƙalami, ta zagaya bakin da ita, sai ga haƙoran Auta a fuskar kwamfuta, ana juya su sama da ƙasa kamar ƙwarya a hannun mai saye. Ta ɗauki hoton ƙashi, ta nuna mini saiwoyi. Ta ce haƙori ba kafe yake a muƙamuƙi kamar ƙusa a katako ba, wasu zaruruwa ne ke riƙe da shi. In waya ta matsa shi a hankali, ƙashin da ke gabansa ya narke, na bayansa ya ginu, a haka yake tafiya, kamar milimita guda a wata. Na gyaɗa kai, amma idona yana kan kwamfuta.

Da ta ji daga Sakkwato muke sai ta sassauta mana. Duk mako biyu in turo hotuna biyar ta WhatsApp: gaba, dama, hagu, sama da ƙasa, a ja kumatu da ƙotar cokali har turame su fito. Duk wata biyu kuma a kawo yarinyar a canza waya. Tsakani a riƙa kai ta wurin likitan haƙori a gida a wanke mata. Magana uku ta faɗa, guda na riƙe.

Sau ɗaya muka koma. A ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, ga hanyar Talata Mafara zuwa Gusau zuwa Tsafe da ba a shigar ta sai da addu'a. Waɗannan duk gaskiya ne, kuma su na riƙa faɗa wa mutane. Abin da ban faɗa ba shi ne girman kai. A layinmu na Runjin Sambo ni ake kawo wa waya in cike takardar JAMB, ni ke gyara wa dattawa manhajar banki. Na ɗauka wanda ya iya waya ya iya komai da ke bi ta cikinta. In likita tana ganin bakin duk mako biyu, na ce a raina, me ya rage wanda sai an yi tafiyar yini guda? Ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke garin nan, mai sashen haƙori, ban kai ta an wanke mata ba.

Babban laifin kuwa a hotunan yake. Mun saba in an ɗauki hoto goma a zaɓi wanda ya fi kyau, kamar na biki, kuma da wannan idon na riƙa zaɓe. Wanda dasashi ya fito jawur a kumbure in ce haske ne bai yi ba, in goge. Wanda yawu da ragowar abinci suka bayyana in ji kunyar turawa, kada a ce gidanmu ba tsafta. Biyar suka koma uku, uku suka koma na gaba kaɗai, inda haƙoran ke ta jeruwa gwanin sha'awa. Likitar ta rubuto ba sau ɗaya ba: "Alhaji, ina na gefen hagu? Yaushe za ku shigo?" Ni kuma in ce sabis ne ba kyau, in ce sai bayan jarrabawa.

A watan Disamba na karanta labarin SmileDirectClub, kamfanin Amurka da aka kafa a 2014. Shi mutum ne zai ɗauki samfurin haƙoransa a gida, a aiko masa robobin daidaitawa ta gidan waya, ba lallai wani likita ya taɓa leƙa bakinsa ba. Ƙungiyoyin likitocin haƙori sun daɗe suna faɗa da shi. Bashi ya durƙusar da shi, ya rufe a wannan watan, ya bar mutane a tsakiyar magani. Na zauna a majalisa kusa da shataletale ina ba abokai labari, ina mamakin wautar Turawa. Laifi tudu ne. A makon nan ne Auta ta sha rake, ƙarfen da ke manne a turminta na hagu ya ɓalle.

Ba ta faɗa ba. Mahaifiyarta ce ta lura ta koma tauna da gefe guda, ta ga jini a buroshi. Ko da aka gaya mini, sai da na ƙara makonni ina cewa a kurkure da ruwan gishiri.

Gab da azumin 2024 muka isa Kano. Likitar ta ɗaga leɓen da ɗan madubi, ta taɓa dasashi da tsinken ƙarfe, jini ya biyo. Wayar ta zame ta huda cikin kunci ta yi gyambo. Turmin da ya kuɓuce ya karkata. Kewayen ƙarafa uku ga fararen tabo, inda dattin da buroshi bai kai ba ya fara cin fatar haƙori, ɗaya har ya zama rami. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta buɗe wayarta ta jera hotunan da na turo, wata bayan wata, duk murmushi.

"Alhaji, ni abin da ka turo na gani," ta ce.

Ta tambayi Auta me ya hana ta magana. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba ya ce kuɗin mota sun yi yawa."

Aka cire wayar na wasu makonni har dasashi ya kwanta, aka cike ramin, aka ƙara watanni a kan aikin, na biya abin da ya ninka kuɗin motar da na yi ta tattali. Likitar ta haɗa mu da wani matashin likita a Sakkwato. Yanzu shi ke duba bakin da hannunsa, ya wanke, ya datse waya in ta yi tsini, ya ɗauki hotunan da kyamararsa ya tura mata, su yi magana ta bidiyo tana nuna masa abin da zai lura da shi. Ya ce mini yana ƙaruwa da ita ƙwarai, har yana tunanin neman ƙwarewa a fannin. Zuwa Kano ya ragu da gaske, wanda tun farko shi nake nema.

Hotunan gida kuwa mahaifiyarta ta karɓe. Tana ja da cokali har yarinyar ta yi ƙara, ta tura biyar ɗin yadda suka fito, ba ta ko duba su. Fiƙar ta sauko gurbinta. Auta tana dariya ba hijabi a baki, Inna ma ta sauko ta ce aikin ya yi kyau. Tabon nan uku suna nan, likitar ta ce ƙila su dushe, ƙila sai an rufe su. Ba mai lura da su sai wanda ya san wurin da zai duba.