Saukowa daga Kanya

A wani ƙauye da ke tsakanin Zurmi da Ƙauran Namoda akwai wani dattijo da ke wuni a ƙofar zaurensa yana tufka igiya. Hannuwansa na ƙaƙƙarfan mutum ne, amma ƙafafunsa a miƙe suke bisa tabarma kamar kayan aro. Yaran unguwa a haka suka taso suka gan shi, har suna zaton haka aka haife shi. Tsaransa kuwa sun san shi maharbi ne, wanda a zamaninsa ba a rasa naman gada a tukunyar gidansa. Naman dawa bai taɓa yi masa rauni ba, bindiga kuma ba ta taɓa fashewa a hannunsa ba. Daga bisa kanya ya faɗo, kanyar da ya yi shekaru yana hawa, da asuba, yana shirin komawa gida.

Dalilin da ke kai maharbi bisa itace sananne ne. Idan rani ya yi nisa, gulbin Bunsuru da ke ratsa ƙasar Zurmi da gulbin Gagare da ke bi ta Ƙauran Namoda sukan janye, ruwa ya rage sai a ’yan kududdufai. Dole gada da barewa da gadu su zo mashaya, galibi da almuru ko gab da wayewar gari. Dabbar dawa da hanci da kunne take tsaron ranta. Wanda ya laɓe a ƙasa iska kan kai mata warinsa, wanda ke sama kuwa warinsa yakan wuce ta bisa kanta, ga shi yana hangen nesa, harbinsa kuma ƙasa yake nufa. Kanya ta dace da wannan dako, domin tana son bakin ruwa, namun daji kuma suna zuwa cin ’ya’yanta da suka zuba. Sai maharbi ya nemi inda manyan rassa suka rabu, ya jera sanduna, ya ɗaure su da igiyar ɓawo, ya sami ɗan gadon da zai zauna a kai.

Gadon wannan dattijo ya kai tsayin mutum uku daga ƙasa, wato kimanin mita 5. A daren da abin ya faru ya hau bayan isha, ya zauna bai motsa ba har asuba, nama bai zo ba. Ƙafafunsa sun sage saboda dogon zama, idonsa cike da barci. Ya riƙe bindigar toka a hannun dama, ya kama reshe da hagu, ya miƙa ƙafa yana laluben wani guntun reshe da ya saba takawa ko da ido rufe. Guntun ya daɗe da bushewa, gara ta cinye cikinsa ta bar ɓawo. Yana ɗora nauyinsa ya karye, hannu ɗaya kuma bai isa ya riƙe mutum ba.

Mita 5 ba ta da ban tsoro ga mai kallo daga ƙasa, amma lissafinta daban ne. Wanda ya faɗo daga wannan tsayi cikin daƙiƙa ɗaya yake isa ƙasa, da gudun kusan kilomita 36 a awa, kamar mai babur da ya yi karo da katanga. Daƙiƙa ɗaya ba ta isa mutum ya juya jikinsa ko ya cafki wani reshe ba. In ya dira da ƙafafu, ƙarfin bugun yakan fasa ƙashin dunduniya ya haura ya murƙushe ƙashin baya daidai ƙugu. In ya faɗi da gefe, haƙarƙari kan karye, saifa kan tsage ta yi ta zubar da jini a ciki ba a gani. In da kai ya sauka, wuya da ƙwaƙwalwa ne a hatsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa iri-iri na kashe mutane kimanin 684,000 a kowace shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma a cikin haɗurran da ba da gangan ba, hatsarin hanya ne kawai ya fi ta kisa.

Inda aka fi nazarin irin wannan faɗuwa ta maharba shi ne Amurka. A can miliyoyin mutane ke fita da kaka farautar wata irin barewa mai farar wutsiya, wadda namijinta ke da ƙaho mai rassa, kuma da yawansu dako suke yi a kan kujerun ƙarfe da ake maƙalawa a jikin itace, mita 5 zuwa 6 daga ƙasa. A jihohi da dama, faɗowa daga waɗannan kujeru ta fi harbin kuskure jikkata mafarauta. Abin da hukumomin gandun dajinsu da likitocinsu suka lura da shi ya yi daidai da labarin kanya. Mafi yawan faɗuwa na aukuwa ne wajen hawa ko sauka, ko lokacin ƙetarawa daga tsani zuwa kujera, kuma akasarin waɗanda suka faɗo babu abin da ya haɗa jikinsu da itacen a wannan lokaci. Daga nan suka fitar da ƙa’idar da ake koya wa masu neman lasisin farauta: mutum ya ɗaure kansa da itacen tun ƙafarsa tana ƙasa, kada ya kwance sai ta koma ƙasa.

Ba kowace ɗaura ce ke ceto ba. Da farko Amurkawa ɗamara ɗaya suke ɗaurawa a ƙugu, daga baya suka bar ta, domin in mutum ya faɗo takan zame ta haye ƙirji ta hana shi numfashi, ko ta kife shi kai ƙasa. Wadda ta maye gurbinta ita ce mai bi ta kafaɗu biyu da cinyoyi biyu ta haɗu a tsakiyar baya, irin wadda ake gani a jikin masu hawa turakun sadarwa. Ana ɗaure igiyarta a jikin itacen sama da kai, a rage ta yadda ko an zame ba za a yi ƙasa da nisa ba, kuma hannu zai iya kaiwa ga gadon. Wannan yana da muhimmanci, saboda wanda ya daɗe yana lilo a cikin ɗamara jini kan taru a ƙafafunsa har ya suma.

Saura tsakanin ƙasa da gado, inda aka fi faɗowa. Dabarar ita ce a ɗaure igiya mai kauri sama da gadon, ta sauko har gindin itacen. A jikinta ake naɗa siririyar igiya sau uku, da wani ƙulli da Karl Prusik, wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Austriya, ya bayyana a 1931. In an tura ƙullin da hannu sai ya zame sama ko ƙasa, in nauyi ya fizge shi sai ya cije. Mai hawa yana tura shi gabansa taku bayan taku. A hawan farko, kafin a kafa doguwar igiyar, ana zagaya kututturen da wata gajeriya da ke haɗe da ɗamarar, kamar yadda masu hawan kwakwar manja ke yi a kudu. Duk wannan ba ya amfani da tsohuwar igiyar guga da rana ta gasa. Igiyar roba in ta daɗe a rana takan yi fari ta riƙa gari, ta ɓawo kuma gara da ruwan sama ke ci.

Akwai kuma abubuwan da ba sa bukatar ko kwabo. Gaɓoɓi uku su kasance a jikin itace kowane lokaci, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya, wanda ke nufin ba a hawa ko sauka da komai a hannu. Bindiga da gora da burgami a ɗaure su da siririyar igiya, a jawo su bayan an zauna, a zurara su ƙasa kafin a sauko, bindigar ba a ɗane ba, bakinta yana kallon ƙasa. Reshen da ba shi da ɗanyen ganye ba matakala ba ne, ko da jiya ya ɗauki mutum. Kanya da tsamiya sukan tsiro a kan suri, don haka gara tana gindinsu tun asali. A duba gado da rana, a kwance shi a sake ɗaurawa kowane rani. Kafin a sauko, a motsa ƙafafu har jini ya dawo, a jira gari ya yi haske.

Faɗuwar ba ita kaɗai ta zaunar da dattijon ba. Maharbi ba ya faɗin inda yake dako, don kada wani ya riga shi, saboda haka sai da hantsi ya dubi ludayi ƙanensa ya gano shi. A lokacin yana iya motsa yatsun ƙafa. Aka kama shi ta hammata da ƙafafu, bayansa ya lanƙwashe, aka zaunar da shi a babur tsakanin mutum biyu, aka bi hanyar shanu da shi. Kafin su isa gida ya daina jin ƙafafunsa. Abin da likitoci ke gargaɗi a kai ke nan: ƙashin baya in ya tsage, lanƙwasa shi na iya sa ɓaraguzansa su danne laka, laka kuma in ta yanke ba ta ɗoruwa. Wanda ya faɗo daga sama yana kukan baya ko wuya, ko ƙafafunsa sun yi nauyi, ko fitsari ya kufce masa, ba a zaunar da shi. Mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, uku ko huɗu su mirgina shi gaba ɗaya bisa ƙyaure ko faffaɗan katako, a ɗaure shi da zane, a tafi da shi a kwance. Maɗori ya san aikin hannu da ƙafa, amma ja da murza a gadon baya ƙara ɓarna suke yi. Aikin laka na manyan asibitoci ne, irin Asibitin Koyarwa na Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Nisan wannan hanya ya ƙaru a ’yan shekarun nan, ko da yake kilomitocin ba su canja ba. Daga Ƙauran Namoda zuwa Gusau kimanin kilomita 60 ne, daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi kuma ya fi haka. Tun da ’yan bindiga suka kafa sansani a dazuzzuka irin na Dumburum, direba ba ya son fita da dare ko da mara lafiya ne. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara na tsawon makonni, aka kuma rufe kasuwannin mako. A irin wannan ƙasa, wanda ya faɗo da tsakar dare yana iya kwana a inda ya faɗi, kuma faɗa wa mutum ɗaya amintacce itacen da za a hau da lokacin dawowa ya fi asirin wurin dako daraja.

A ranar da ya faɗo, dattijon yana sanye da layu da guru, na bindiga da na maciji da na ɓatan hanya. Bai taɓa tunanin igiya ba, domin a wurin maharban zamaninsa ɗaure kai a bisa itace alamar tsoro ce. Masu zuwa gaishe shi sukan ce ƙaddara ce, shi ma yakan amsa da haka, sannan ya ƙara da cewa mai dogaro ga Allah ma an hore shi ya ɗaure raƙuminsa. In an tambaye shi abin da ya kayar da shi, ba ya ambaton gara. Yakan ce sabo turken wawa, domin da baƙuwar bishiya ce da ya taɓa kowane reshe kafin ya taka.

Yau dakon nama a bisa itace ya ragu a wannan yanki. Barewa ta yi wuyar gani, gonaki sun ci daji, abin da ya rage na dajin kuma ba ya shiguwa. Amma hawan itace bai ragu ba. Makiyayi na hawa gawo da rani ya sassabo wa dabbobinsa ganye da gatari a hannu. Yara da mata na hawa kuka ɗiban ganyen miya, suna taka turakun da aka kafa a jikinta mai taushi. Ana hawa ɗorawa in ta nuna. Masu amya kuwa da dare suke hawa, da wuta a hannu ɗaya, ƙudan zuma na harbin ɗayan. Tsayin da suke kaiwa bai gaza na maharbi ba, kuma ƙasar da ke jiransu iri ɗaya ce.

Jikan dattijon yana cikin masu amya. Yana da guda shida a kan tsamiyoyin bayan gari, kuma da kuɗin zumar ake sayen abin da gona ba ta bayar ba. Da ya fara hawa, kakan ya ba wani mai zuwa kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis saƙon sabuwar igiya mai kauri, ya ƙi yarda da tasa da yake tufkawa, ya ce tasa ta awaki ce. Yaron ya yi dariya irin ta jika da kaka, ya ce, “Tsoho, ni ma akuyar ce da za a turke ni?” Dattijon ya buga cinyarsa da ba ta ji, ya ce, “Maigida, gara turken igiya da irin nawa.”

Ɗamara mai bi ta kafaɗu da cinyoyi sun same ta ne daga baya, ta hannun wani ɗan garin da ke aikin hawa turakun sadarwa. Duk daren da za a ɗebi zuma, kafin magariba yaron kan kawo igiyar ya ajiye a tabarma. Dattijon ya bi ta da yatsu daga wannan baki zuwa wancan, yana neman inda ta yi laushi ko ta fara gashi, ya sa yaron ya ƙulla ƙullin a gabansa, ya tambaye shi wace tsamiya zai fara hawa da wanda zai tsaya masa a gindinta. Daga nan ya sa a bar masa fitila a zaure, ba ya yarda a shigar da shi ɗaki sai ya ji motsin ƙafar yaron a ƙofa.