Dare Ɗaya a Hawa na Tara: Otal, Sabis ɗin Waya da Haƙƙin Baƙo

A ƙarshen daminar bara wani taron ƙara wa juna sani ya kai ni Abuja. Na shiga jirgin ƙasa a tashar Rigasa da hantsi, muka ratsa Rijana da Jere, ƙasa ta yi kore shar, duwatsu na leƙowa ta bayan itatuwa, har muka sauka a Idu. Tun a hanya na lura sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa, amma ban damu ba, domin matafiyi ya san daji daji ne. Abin da ban taɓa tsammani ba shi ne in iso tsakiyar babban birnin tarayya, a ba ni ɗaki mai sanyi a hawa na tara, sannan in fi yankewa daga iyalina fiye da lokacin da nake cikin dajin Rijana.

Abuja birni ne da aka zana a takarda kafin a kafa tubalinsa. Gwamnatin Murtala Muhammad ce ta yanke shawarar gina shi a 1976, aka ƙaura zuwa cikinsa daga Legas a Disambar 1991. Shi ya sa tsakiyarsa ba ta da lunguna irin na Birnin Zazzau ko Kano, sai tituna masu faɗi da dogayen gine-gine na kankare da gilashi. Otal ɗin da aka sauke mu yana cikin irin waɗannan. Ba zan ambaci sunansa ba, domin laifin da zan faɗa ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma ma'aikatansa sun karɓe mu da fara'a. Tagar ɗakina bango guda ce ta gilashi mai duhu, wadda ba ta buɗuwa. Da magariba na tsaya ina kallon fitilun motoci, can nesa kuma ga jar fitilar wani ƙarfen sabis tana ƙiftawa. Ina ganinsa da idona, amma wayata, mai layuka biyu na kamfanoni daban-daban, sanda ɗaya take nunawa, wani lokaci ma babu. Na ɗauka abin na ɗan lokaci ne, na jona ta a caji na kwanta.

Da asuba na fito zan sauka masallacin da ke ƙasa. Ina fitowa daga lif a farfajiya sai wayar ta fara rawa a aljihuna, saƙo na bin saƙo, duk na kiran da bai same ni ba. Ƙanena ne, tun ƙarfe ɗayan dare. Na kira shi hannuna na ɓari.

"Yaya, ina ka shiga? Jikin Inna ne ya tashi cikin dare, muka kai ta asibiti. Sun ce sai an ajiye kuɗi kafin su ba ta gado. Na yi ta kira ana cewa ba a samun ka."

"Yanzu yaya jikin nata?"

"Da sauƙi, ta samu barci. Maƙwabcinmu ne ya ranta mana."

Na yi godiya ga Allah, na kuma ji kunyar da ban san inda zan ajiye ta ba. Mahaifiyata tana kwance a kan benci, ɗanta na fari yana barci a kan katifa mai laushi, da kuɗin a asusunsa, da wayar a kunne kusa da kansa. Bayan salla na koma ɗaki don in tura wa maƙwabcin kuɗinsa, nan ma na ci karo da bango: bankin ya aiko da lambar tabbatarwa ta saƙon tes, saƙon kuwa ya ƙi shigowa. Sai da na sake saukowa na tsaya a wurin ajiye motoci, tare da wasu baƙi uku, kowa da wayarsa a sama kamar masu neman jinjirin wata.

Da na kai kuka wurin karɓar baƙi, matashin da ke wurin ya amsa cikin ladabi: "Yallaɓai, a yi haƙuri, ai akwai waifai a kowane ɗaki." Gaskiya ya faɗa, kuma na tabbata amsar da aka koya masa ke nan. Sai dai waifai intanet yake bayarwa. Ƙanena ba shi da data a daren nan, layina ya kira kai tsaye, kamar yadda miliyoyin mutanenmu masu ƙananan wayoyi suke yi. Saƙon banki ta layi yake zuwa. Lambobin tauraro da muke dannawa don tura kuɗi ta layi suke bi. Lambar neman agajin gaggawa ta 112 ma haka. Otal ɗin da ya ba baƙo waifai ya hana shi sabis ya rufe masa ƙofar da aka fi buga masa ta cikin dare.

Allah ya sa cikin mahalarta taron akwai wani abokin aiki daga sashen injiniyan lantarki na wata jami'a. A wurin karin kumallo na ba shi labari, ya yi murmushi ya ce, "Dakta, ai ba ɗaki aka ba ka ba, keji aka sa ka." Ya tuna mini da gwajin da masanin nan na Ingila, Michael Faraday, ya yi a 1836, inda ya lulluɓe wani ɗaki da ƙarfe ya nuna cewa tasirin lantarki daga waje ba ya ratsawa ciki. Ginin zamani, in ji shi, ya kusa zama haka ba da niyya ba. Ginshiƙai da dakalin kowane hawa cike suke da rodi. Gilashin da ake sa wa manyan gine-gine don rage zafi yana da wani siririn shafe na ƙarfe da ido ba ya gani, wanda ke mayar da zafin rana baya, ya kuma haɗa da igiyar rediyon da ke ɗauke da kiran waya. Wato abin da ya sa ɗakina ya yi sanyi da ƙaramin kuɗin wuta shi ne ya hana muryar ƙanena shigowa.

Ya ƙara da abubuwa biyu da ban sani ba. Na farko, hawa sama ba ya nufin samun sabis mai kyau. Eriyoyin da ke kan ƙarafan sabis ana ɗan sunkuyar da su ne zuwa ƙasa, inda jama'a suke, don haka wanda ke hawa na tara yana iya kasancewa a saman inda ƙarfin yake, ko kuma wayarsa ta riƙa jin raunanan muryoyin ƙarafa da yawa a lokaci guda, ta rasa wanda za ta riƙe. Na biyu, ci gaban fasaha bai sauƙaƙa lamarin ba. Lokacin da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, zangon megahaz 900 da 1800 aka yi amfani da su, kuma ƙaramin zango ya fi iya ratsa bango. Fasahar 5G kuwa, wadda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon zangonta a Disambar 2021, tana aiki ne a wajen megahaz 3500. Tana da sauri ƙwarai a fili, amma ta fi saurin gajiya idan ta haɗu da kankare da gilashi. Ke nan gine-ginenmu suna ƙara toshewa a daidai lokacin da igiyar da muke dogaro da ita take ƙara rauni a gaban bango. Har ma ya bayyana mini dalilin da ya sa batirin waya yake saurin ƙarewa a irin wannan ɗaki: wayar tana ɗaga murya ne iya ƙarfinta don ƙarfen sabis ya ji ta.

Ni ba injiniya ba ne, tarihi na karanta, don haka tunanina ya tafi wani wuri. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, idan ayari ya isa zango irin na Salaga, kowane baƙo yana da mai masauki, wanda ake kira fatoma ko maigida. Aikinsa bai tsaya a ba da ɗaki da tuwo ba. Shi ke ajiye kayan baƙo, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa idan an ci bashi, ya gaya masa farashin kasuwa da halin da hanya take ciki. Ta hannunsa saƙon gida yake isowa, ta hannunsa kuma amsa take komawa tare da ayari na gaba. Masanin nan Abner Cohen ya tarar da wannan tsari yana nan da ransa a unguwar Sabo ta Ibadan, ya kuma bayyana shi a littafinsa na 1969. A wancan tsari, masaukin da saƙo ba ya samun mutum a cikinsa ba masauki ba ne. Otal na yau shi ne magajin fatoma, ko ya sani ko bai sani ba. An ce zumunta a ƙafa take, amma ga matafiyin wannan zamani rabinta ya koma cikin waya, kuma wanda ya karɓi kuɗin kwanansa ya ɗauki amanar kada ya yanke ta.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ciwon yana da magani, kuma sananne ne. Matakin farko awo ne: a bi hawa-hawa, ɗaki-ɗaki, har cikin lif da matakala da ɗakunan taro na ƙarƙashin ƙasa, a auna ƙarfin kowane layi. Ƙaramin otal yana iya wadatuwa da eriya ɗaya a kan rufi wadda za ta kamo sabis daga waje, na'ura ta ƙara masa ƙarfi, wayoyi su rarraba shi zuwa ƙananan eriyoyi da ke manne a silin. Babban gini yana bukatar tsarin da ya fi wannan, inda ake kawo sabis ɗin daga na'urar kamfanin layi kai tsaye, a bi da shi ta zaren gilashi zuwa kowane hawa. Akwai kuma ƙananan tashoshi da ba su wuce girman faranti ba, waɗanda ake jonawa da intanet ɗin ginin. Wasu wayoyi da wasu layuka suna iya bi da kira ta kan waifai, sai dai wannan ba ya isa ga kowa. Kowane aka zaɓa, dole ya ɗauki dukkan layuka, tunda mai otal ba shi ke zaɓar wa baƙo layinsa ba, dole kuma a haɗa shi da wutar ko-ta-kwana, don kada ya mutu tare da wutar gari.

Akwai gajeriyar hanya da wasu ke bi, wato sayen na'urar ƙara ƙarfin sabis mai araha a kasuwa su liƙa da kansu. Hukumar NCC ta yi gargaɗi cewa yin haka ba tare da izini ba saɓa doka ne, kuma da hujja. Na'urar da ba a daidaita ta ba tana mayar da hayaniya zuwa ga ƙarfen sabis, ta gyara ɗaki goma ta lalata wa unguwa guda kira. Aikin na masu lasisi ne, da sanin kamfanonin layi.

Na san masu otal za su ce abin da tsada, kuma a wannan yanayi na kuɗin dizal ba zan raina kukansu ba. Za su kuma ce sabis haƙƙin kamfanin layi ne. Amma kamfani ya kawo sabis har bakin titi, bangon da ya tare shi kuwa mai gini ne ya gina. Sannan mafi yawan tsadar tana zuwa ne idan an bari sai an gama gini, an yi fenti, an shimfiɗa darduma, kafin a fara fasa silin. Da za a bar hanyoyin wayoyi tun a zanen gini, yadda ake bar wa famfo da lantarki, da kuɗin ya ragu sosai. Tun ran gini ran zane. Wannan jan hankali ne ga ɗalibanmu na tsara gine-gine da na injiniya, waɗanda gobe su ne za su zana otal-otal na Kano da Kaduna da Sakkwato.

Hukumomi ma suna da abin yi. Tun 2013 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa ba da lasisin otal da tantance darajarsa hurumin jihohi ne. Idan jami'i zai shiga ya duba tsabtar madafa da na'urar kashe gobara, ba abin da zai hana ya ciro waya ya gwada kira daga ɗaki na ƙarshe a hawa na ƙarshe. Wannan ba batun jin daɗi ba ne kawai. Ranar da gobara ta tashi, ko lif ya maƙale, ko baƙo mai ciwon zuciya ya faɗi shi kaɗai a ɗaki, sanda ɗayar nan ta kan fuskar waya ita ce tsakaninsa da agaji.

Na ƙarasa kwanakina biyu a Abuja bayan na roƙi a sauya mini ɗaki zuwa hawa na biyu, kusa da matakala, inda tagar ke kallon bayan madafa maimakon fitilun birni. Manajan ya yi mamakin wanda ya bar ɗaki mai tsada ya nemi na ƙasa da shi. Na ba shi labarin Inna, ya yi shiru, sannan ya ce zai kai maganar gaba. Da na koma gida na tarar an sallame ta, tana zaune a tabarma tana jan carbi. Ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "An ce an neme ka ba a same ka ba." Tun daga ranar, duk otal ɗin da na sauka, kafin in buɗe jaka sai na zauna a bakin gado na kira gida. Idan kiran ya shiga, na kwana. Idan bai shiga ba, sai in mayar da makulli.