Neman Mataci Domin Ruwan Dawa

Masu iya magana sun ce ruwa abokin aiki, amma ba su faɗa mana wane ruwa suke nufi ba. Mu dai mun san akwai ruwan da ke raya mutum, akwai kuma wanda ke kwantar da shi, kuma sau da yawa ido ba ya rarrabe su. Abin da ya sa muka kawo wannan zance cikin mujallar da aka saba cika ta da waƙoƙi da gajerun labarai shi ne wani abu da ya same mu a bazarar shekarar 2022, wanda har yau in muka tuna shi sai gabanmu ya faɗi.

Wataƙila mai karatu ya ce, me ya haɗa malamin adabi da farauta? To, shekara da shekaru ke nan, duk sa'ad da muka sami sarari da rani, mukan bar nan Kudu mu nufi ƙauyenmu a ƙasar Bauchi, mu bi ayarin mafarauta da rikoda da littafin rubutu, muna tattara kirarin maharba da taken gangi. Ba mu taɓa harbin ko da zomo ba, shi ya sa samarin ayarin ke kiranmu maharbin alƙalami. Jagoran tafiyar kawunmu ne, ƙanen mahaifiyarmu, dattijon da ya haura saba'in amma har yanzu yana gajiyar da matasa. Ayarin yakan kai mutum ashirin, ban da karnuka, a yi kwana uku ko huɗu ba a ga rufin ɗaki ba. Guzurin ciki ba shi da wuya: ƙuli-ƙuli, da garin rogo, da abin da Allah Ya kawo na makwarwa ko gafiya. Ruwa shi ne damuwa. Kowa yakan fito da gora ko 'yar jarka, amma a watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, kafin azahar ɗin rana ta biyu an girgiza jarka an ji shiru.

A waccan shekarar muka tafi da marayan yayanmu, yaro ɗan shekara goma sha huɗu, wanda ya daɗe yana roƙonmu. Da za mu fita mahaifiyarsa ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, ga amana nan." Muka ce, "Kada ki damu, Yaya, yana hannunmu." Rana ta biyu muka sauka a wani tafki da ya ja baya ya bar laka, ko'ina sawun shanu, ruwan kuwa kamar kunun kanwa. Kawu ya zaro wani ƙyalle daga burgaminsa, ya ɗaure shi a bakin gora, ya tace, muka sha, yaro ma ya sha. Bayan kwana goma sha biyu, mun riga mun koma bakin aiki, aka bugo mana waya cewa yaro na asibiti da zazzaɓin taifot. Mako uku ya yi a kwance, har aka fara maganar kada hanjinsa ya huje. Likita ya ce ba zai rantse a kan wane ruwa ne ya jawo ba, domin taifot ba ta da wuyar samu a gari ma. Mu kam zuciyarmu ta riga ta yanke hukunci. Allah Ya tashi kafaɗunsa, mahaifiyarsa kuma ba ta ce mana uffan ba, kuma wannan shirun ya fi mana zagi ciwo.

Kada a ɗauka muna raina ƙyallen Kawu. Wannan ƙyalle yana da tarihi, kuma tarihin na nan a rubuce a ƙaurinsa, inda kurkunu ya bar masa tabo biyu. Mu da muka yi firamare a ƙarshen shekarun 1980 mun ga yadda ake naɗe wannan tsutsa a jikin tsinke, kaɗan-kaɗan, mako da makonni, manomi na kwance damina na wucewa. Binciken da aka fara a 1988 ya gano mutum fiye da 650,000 masu ɗauke da cutar a Nijeriya. Ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. 'Ya'yan tsutsar suna zaune ne a cikin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwarin ruwa, mutum ya sha su, bayan kamar shekara guda tsutsa mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta ɓullo masa a ƙafa. Babban makamin da aka yaƙe ta da shi shi ne ƙyallen tacewa, da hana mai ciwon shiga tafki. Cibiyar Jimmy Carter ta tsaya a kan aikin, Janar Yakubu Gowon ya bi ƙauyuka yana jan hankalin mutane, aka ga mai cutar na ƙarshe a ƙasar nan a 2008, sa'an nan a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijeriya ta rabu da ita. A 2022 mutum 13 kacal aka samu da kurkunu a duniya baki ɗaya. Sai dai mafarauta su sani, a Chadi tsutsar ta sami maɓoya a jikin karnuka.

Ashe ke nan Kawu yana da hujjar amincewa da ƙyallensa. Har a Bangaladash an gwada tace ruwa da tsohon zanen mata da aka ninka sau huɗu, kuma sakamakon da Rita Colwell da abokan aikinta suka bayyana a 2003 ya nuna cutar amai da gudawa ta ragu da kusan rabi a ƙauyukan da suka yi haka, domin ƙwayar cutar takan maƙale ne a jikin ƙwarin ruwan da zane ke iya tarewa. Amma rabi ba duka ba ne, kuma ƙwayar taifot ba ta jiran abin hawa.

Da muka ƙudura cewa ba za mu sake shiga dawa ba sai da mataci na zamani, sai muka tarar mun shiga wani dajin. Mun yi makonni muna karatu a intanet, mun kuma zaga shagunan da ke sayar da kayan masu yawon daji a Legas. Abu na farko da muka koya shi ne ma'auni. Ana auna ƙofofin mataci da maikiron, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashin kai yakan kai kamar maikiron 70. Ƙyallen kurkunu ƙofofinsa wajen maikiron 100 ne, zanen da aka ninka huɗu kuwa wajen 20. Ƙwayoyin bakteriya, irin na taifot da kwalara, kaurinsu bai wuce rabin maikiron zuwa ɗaya ba. Saboda haka matacin da za a dogara da shi dole ƙofofinsa su kasance 0.2 ko 0.1. Duk wanda bai rubuta wannan lamba a jikinsa ba, kome kyawun kwalinsa, mun ajiye shi gefe. Wani mai shago ya yi ta cusa mana wata buta mai gawayi a ciki, irin wadda ake ajiyewa a kan tebur domin gyara ɗanɗanon ruwan famfo, yana rantsuwa wai ko ruwan kwata aka zuba mata sai ya zama fiya-wata. Muka yi masa godiya muka wuce.

Abu na biyu ya fi tayar mana da hankali. Akwai ƙwayoyin bairos, irin waɗanda ke kawo shawara ta hanyar ruwa, waɗanda girmansu bai wuce maikiron 0.03 ba, suna ratsa matacin 0.1 kamar yadda sauro ke ratsa dannin kara. Irin wannan shawara ce ta ɓarke a Diffa da Ngala a 2017, kuma ta fi yi wa masu juna biyu ɓarna. A nan ne muka gane cewa yawancin waɗannan na'urori ba domin ruwanmu aka ƙera su ba. An yi su ne domin masu yawon daji irin mafarautan Amurka da ke bin manyan namun daji a duwatsun Kolorado da Montana, inda ƙorama ke gangarowa daga ƙanƙara, garau da ita, ba ƙauye a samanta, babbar fargabarsu kuwa wata halitta ce mai suna jiyadiya wadda ta fi bakteriya girma nesa ba kusa ba. Takardar da ke cikin kwalin ɗaya daga cikinsu ta yi dogon gargaɗi kada a bari ya daskare da dare. Muka karanta wannan muna zufa a ƙarƙashin fanka, muka yi dariya mu kaɗai. Tafkinmu na mutane ne da shanu da jakuna, a nan ake wanki, a nan ake wanka. Mataci shi kaɗai ba zai wadatar ba, sai an bi bayansa da ƙwayar kulorin a jira minti 30, ko kuwa a tafasa ruwan ya yi minti guda yana ɓararraka.

Saura zaɓen siffa. Akwai na tsotsa, mai kama da sarewa, irin LifeStraw da ya fito a 2005, wanda asalinsa ma daga bututun tace kurkunu ne da aka riƙa raba wa makiyaya da matafiya. Ba shi da nauyi, ana rataya shi a wuya kamar laya. Amma na baki ɗaya ne, ba ya cika tukunya, kuma ba mu ga yadda za mu ce wa dattijo kamar Kawu ya yi rub da ciki a bakin tafki tare da karnuka ba. Akwai mai famfo da tangaran a ciki, wanda ake iya kankare shi in ya toshe, yana kuma daɗewa. Kuɗinsa ne ya kore mu, ga shi tangaran in ya faɗi a kan dutse ya tsage, tsagar da ido ba zai gani ba ta isa ta shigo da cuta. Akwai mai kashe ƙwayoyi da haske, wannan kam ba mu ɓata lokaci a kansa ba, domin yana son batir, yana kuma son ruwa garau, mu kuwa ba mu da ko ɗaya. A ƙarshe muka tsaya a kan na ratayawa: jaka ce da ake cika ta da ruwa a sagale a reshe, ruwan ya sauko ta tiyo ya ratsa wasu siraran zaruruwa masu kogo, ya ɗiga cikin jarka. Ba famfo, ba batir, mutum na hutawa aiki na tafiya, kuma yana iya shayar da jama'a. Ya zo da sirinji na wanke shi ta baya. Albashin malamin jami'a ya ji a jikinsa, amma kuɗin asibitin da muka biya ya ninka wannan.

A bazarar 2023 muka koma, ba tare da yaro ba, domin ba mu da fuskar da za mu sake roƙon mahaifiyarsa. Muka isa wannan tafki dai, muka cika jaka muka rataye ta a reshen marke, samari suka kewaye mu suna kallo. Da farko ruwa ya zubo fari tas har aka yi ta kabbara. Bai cika lita uku ba ya koma ɗigo, daga nan ya tsaya cik. Laka ta toshe shi. Muka wanke da sirinji, ya ɗan taɓuka, ya sake tsayawa. Ga mutum ashirin da ƙishirwa, ga mu da digirin digirgir muna gumi a gindin bishiya.

Kawu bai yi dariya ba, ko da yake samari sun yi. Ya ce, "Malam, abin naka ɗan birni ne, ba a ba shi tuwo da gaya. Kawo in nuna maka." Ya sa aka koma can gefen da yashi yake, aka tona rami kamu biyu daga bakin ruwa, aka jira ya tsattsafo. Aka ɗebi wannan aka tace da ƙyallensa cikin bokiti. Sa'an nan ya fito da ɗan dunƙulen alif ya kaɗa a ciki, ya ce in babu alif 'ya'yan zogale da aka ɓare aka daka ma suna yi. Kafin a gama gasa makwarwa laka ta kwanta a ƙasa, aka tsiyaye na sama aka zuba a jakarmu. Sai ga ruwa na zuba kamar an buɗe famfo. Muka jefa ƙwayar kulorin a kowace jarka, muka duba agogo, muka hana kowa taɓawa sai da rabin sa'a ta cika, wanda shi ne aiki mafi wuya a ranar.

Akwai abubuwan da ko wannan dogon tsari ba ya maganinsu, kuma mun faɗa wa samarin a bakin wuta da daddare. Tsargiya ta fata take shiga, don haka wanda ya tace ruwan sha sa'an nan ya faɗa tafki wanka bai tsira ba. Gubar da ta narke a ruwa kuwa, irin maganin feshin gona, ko wanda wasu ke zubawa don kashe kifi, ko dalma da zaiba a inda ake wanke zinariya, ba ta jin tsoron zare ko tafasa; gawayi yana rage wasu, ba duka ba. Wanda ya tuna yaran Zamfara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ba zai ɗebi ruwa kusa da ramin masu haƙar ma'adinai ba. Kawu ya ce su tun da can in suka ga tafki babu kwaɗo, babu sawun tsuntsu, wucewa suke yi.

Shi kansa da muka miƙa masa moɗa ya kurɓa, ya yamutsa fuska ya ce ruwan na warin asibiti, kuma ba shi da gardi. Ya dai shanye. Da muka dawo gida muna haɗa kaya za mu kamo hanyar Kudu, sai ya aiko jikansa ya ce a bar masa jakar da sirinjin, domin akwai fita ta gaba kafin ruwa ya sauka, kuma akwai yara uku da za su bi ayari. Muka rubuta wa jikan matakan a takarda, da boko da ajami, muka ƙirga masa ƙwayoyin kulorin. Da yamma muka biya gidan yayanmu yin sallama. Yaron ya rako mu har bakin mota yana tambaya ko baɗi za a tafi da shi. Muka ce ya je ya tambayi mahaifiyarsa.