Kwanciyar mai ciki da awon jininta

'Yan uwa mata, da ku maza masu raka iyalinku awon ciki, ku ba ni aron hankalinku.

Daga wajen mako 20, mahaifa ta yi nauyin da idan mace ta kwanta rigingine, sai ta danne babbar jijiyar da ke mayar da jini daga ƙafafu zuwa zuciya, wadda ke bin gefen dama na ƙashin baya. Jinin da ke isa zuciya ya ragu, awon jini ya faɗi. Sai ka ga gumi na tsatsafo mata a goshi, zuciyarta na tashi, tana cewa ɗakin juya mata yake. Da an mirgina ta gefen hagu, nan da nan ta dawo hayyacinta. Shi ya sa ko a ɗakin tiyata ake ɗan karkata gadon zuwa hagu.

Masu tambaya kan sunnar kwanciya ta hannun dama, hankalinku ya kwanta. Daga mako 28 abin da likitoci ke so shi ne a fara barci a kan gefe, dama ko hagu. In kin farka kin tsinci kanki rigingine, juyawa kawai za ki yi. Ki tokare bayanki da matashi, ki sa wani tsakanin gwiwoyinki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wajen awon jini. Idan mace na kwance a gefen hagu, aka ɗaura na'ura a hannun dama da ke sama, hannun ya ɗara zuciya tsayi, lambar sai ta fito ƙasa da gaskiyarta. Matar da jininta ya kai 140/90 ana iya sallamarta da "lafiya lau". Don Allah ki nemi a auna ki a zaune, kin jingina, ƙafafunki a ƙasa, hannunki daidai ƙirjinki, bayan kin huta kamar minti 5. Ba wai ki sauko daga adaidaita sahu kina haki a ɗaura miki ba. Mai kaurin hannu kuma ta nemi babban maɗauri.

Kwanciyar hagu ba maganin hawan jini ba ce. Ciwon kai mai naci, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, waɗannan kan zo gabanin jijjiga. Maigida, in ka ga ɗaya daga ciki, kada ka ce ta kwanta ta huta zuwa safe. Ka nemo abin hawa a daren, ku nufi asibiti.