Waterton: Dajin Da Iyaka Ba Ta Raba Ba

A kudancin lardin Alberta na ƙasar Kanada akwai wani wuri mai suna Waterton. In ka taso daga garin Cardston ka nufi yamma, za ka yi ta ratsa fili mai ciyawa, shanu na kiwo dama da hagu. Can sai ka ga duwatsu sun miƙe a gabanka kamar ganuwa, ƙanƙara a kansu. A gindinsu akwai dogon tafki, kansa ɗaya a Kanada, ɗayan a Amurka. Iskar wurin kuwa sai mutum ya riƙe hularsa.

Wannan ƙasa tun asali ta mutanen Blackfoot ce. Gwamnatin Kanada ta keɓe Waterton a 1895. Amurka kuma ta keɓe nata gefen, wato gandun Glacier a jihar Montana, a 1910. Daji ɗaya ne, amma hukuma biyu.

A watan Yuli na 1931, 'yan ƙungiyar Rotary ta Cardston suka gayyaci 'yan'uwansu na Alberta da Montana taro a otal ɗin Prince of Wales, wanda ke bisa tudu yana duban tafkin. Rotary ƙungiyar taimakon jama'a ce ta 'yan kasuwa da ma'aikata, wadda aka kafa a Shikago a 1905. Mutanen nan ba masu mulki ba ne, kuma lokacin ana cikin matsin tattalin arziki. Duk da haka suka yi shawara a roƙi gwamnatocin biyu su haɗa gandayen, su zama alamar zaman lafiya. Majalisun ƙasashen suka yarda a 1932. Wannan shi ne gandun zaman lafiya na farko a duniya tsakanin ƙasashe biyu. A 1995 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya. 'Yan Rotary sukan taru a wurin su yi musafaha ta kan iyaka, don tuna alkawarin.

In ka shiga jirgin ruwan da ke yawo da baƙi a tafkin, za ka ga iyakar da idonka: wata siririyar hanya ce da aka share tsakanin itatuwa, ta hau dutse ta sauka. Babu katanga, babu waya.

To, amma namun daji ba su san taswira ba. Gandun Waterton bai wuce murabba'in kilomita 505 ba. Manyan bareyin ƙasar da sauran dabbobi sukan fito su yi kiwo a filayen makiyaya da ke gabas da gandun. Da masu kuɗi suka fara sha'awar sayen filayen don gina gidajen hutu, sai haɗari ya taso. In aka yanka fili fuloti-fuloti aka kewaye, hanyar dabbobi ta toshe ke nan.

Daga ƙarshen shekarun 1990, wata ƙungiya mai suna Nature Conservancy of Canada ta shiga aiki tare da makiyayan. Wani filin ta saya, shanu suka ci gaba da kiwo a ciki. Wani kuwa mai shi ya riƙe abinsa, amma ya sa hannu cewa ba za a yayyanka shi don gini ba, ko bayan ransa. Ta haka aka tsare fiye da murabba'in kilomita 100. Makiyayi bai rasa sana'arsa ba, naman daji bai rasa hanyarsa ba.

Mai karatu, abin lura shi ne, ba gwamnati ce ta fara waɗannan ayyuka biyu ba. Mutane ne suka zauna, suka duba abin da jikokinsu za su tarar. Da ma an ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Fili in an gina shi, ya tafi har abada. Kowane gari yana da nasa filin, ko burtali, ko fadama, ko dandalin yara. Ƙungiyar unguwarku fa, wane fili za ta tsare?