Littafin Tsohuwar Mota

A Damargu tsohuwar mota ba kayan ado ba ce. Peugeot 504 da na gada, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ta sha jigilar gero daga ƙauyukan Belbeji zuwa kasuwar Tanut kafin ta kwanta. Da na ƙudura tayar da ita, littafi na fara saye.

Ina rubuta abin da aka kwance, da ranar, da inda aka samo madadinsa: wannan daga Damagaram, wancan sautu ne daga Kano. Lissafin kuɗi kuwa layi biyu ne, sefa da naira, don canji ba ya zama wuri ɗaya. Bakanike yakan ce, "Alhaji, ai duk yana kaina." Haka ne, sai dai idan aiki ya kira shi Agadas, da kan nasa yake tafiya.

Shafin kafireta ya fi ko wane cika. Rairayi ba ya barin ta. Daga kwanakin da na jera na gane cewa tana saurin toshewa da zarar iskar hunturu ta taso, shi ya sa yanzu tun Nuwamba nake sauya matatar iska.